Jinyar Yara da Gudunmawar Jama'a a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Ɗakin yara a manyan asibitocin Funtua da Malumfashi bai taɓa tsayuwa da ƙafar gwamnati kaɗai ba. Kowane gado yana da mai jinya, galibi uwa ko kaka, wadda ke shimfiɗa tabarma a gefensa ta kwana. Abinci daga gida yake zuwa a cikin kula, magani a kemis ake sayo shi, in kuma likita ya ce a ƙara wa yaro jini, cikin dangi da abokan uba ake neman mai bayarwa. Wannan tsari ya girmi asibitin kansa.

Kafin zuwan likitancin zamani, lafiyar yaro tana hannun mutanen da ke kewaye da shi. Ungozoma ce ke karɓar haihuwa ta yanke cibi, wanzami ya cire beli, malam ya yi rubutu, mai magani ya haɗa jiƙo. Abin da ya fi waɗannan duka ɗorewa shi ne dubiya. Da an ji yaro ya kwanta, sai maƙwabta su shigo da "sannu, ya mai jiki?", wata da kwanon kunu, wata da fura, wani ya tura 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi don kada a ga nawa ne. Dubiya tana tafiya ne bisa ƙa'idar da gayya da gudunmawar biki suke tafiya: wanda ya je wa mutane, za a je masa.

Auduga da jirgin ƙasa ne suka mayar da Funtua babban gari a shekarun 1920, lokacin da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. A zamanin En'e, ƙananan ɗakunan shan magani ne suka fara isa gundumomi, da kuɗin harajin talakawa. Malumfashi kuwa ta samu wani matsayi na daban. Bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da likitanci a 1967, asibitin Malumfashi ya shiga cikin asibitocin koyarwarta tare da na Zariya da Kaduna, ɗalibai suna zuwa su ga cututtukan karkara da idonsu. A shekarun 1970 aka gudanar da dogon bincike a ƙauyukan yankin, da haɗin gwiwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a kan zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tsargiya da saran maciji. Binciken bai yiwu ba sai da dagatai da masu unguwanni suka buɗe ƙofa, iyaye suka yarda aka ƙirga 'ya'yansu aka ɗebi jininsu. Wannan ma kyauta ce, ko da yake ba kasafai ake lissafa ta ba.

Nauyin ya ƙaru a kan iyali bayan karyewar farashin man fetur da shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Magani kyauta ya yi ƙaranci, aka koma rubuta takarda a miƙa wa uba. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta kawo tsarin sayar da magani a juya kuɗin, tare da kwamitocin al'umma masu sa ido. A lokacin ne ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi kansa likitan yara ne, ya matsa a kan rigakafi da ruwan gishiri da sukari, abin da ya ceci yara masu yawa daga gudawa ba tare da an kai su gado ba.

A ƙasar manoma, matsalar ba ta rashin masu bayarwa ba ce, ta lokaci ce. Ɗakin yara yana cika ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin gida kuma sun tafi ga taki. Hannun manomi kuwa yana buɗewa ne bayan girbi, sa'ad da ake fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar. Attajirai da ƙungiyoyi sun fi kai ziyara asibiti da watan azumi. Saboda haka uban da ɗansa ya kwanta a watan Agusta yakan kai akuyar matarsa kasuwa, ko ya ci bashi a kan masarar da ba ta nuna ba, ko matar ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa kafin lokacinta. Akuyar mace, a gaskiya, ita ce asusun lafiyar yara mafi daɗewa a wannan yanki.

Ƙungiyoyin addini sun shigo sun ba dubiya tsari. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da na Izala, wadda aka kafa a 1978, sun saba da ɗaukar marasa lafiya da ba da jini, matan ƙungiyar FOMWAN kuma, wadda aka kafa a 1985, suna shiga gidaje suna magana a kan awon ciki da rigakafi. Sanarwa bayan sallar Juma'a cewa ana neman taimakon wani yaro ta zama abin da kowa ya sani, sannan daga baya ta koma Facebook da WhatsApp, da hoton takardar asibiti da lambar asusu.

Akwai kuma tarihin amana. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyayen ne suka bi kadin lamarin shekara da shekaru, daga baya kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Labarin ya bazu ko'ina a arewa, kuma yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Gyaran ɓarakar bai fito daga likitoci kaɗai ba. Sarakuna ne, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti a 2009, hakimai suna ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, mata 'yan sa-kai suna bi gida-gida, masu fama da shan-inna suna faɗa wa iyaye abin da ya same su. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa cutar ta asali ta ƙare a Afirka.

Jarrabawar yanzu ita ce tamowa. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun raba manoma da gonakinsu, sun tura iyalai cikin Funtua da Malumfashi, inda 'yan'uwa ke sauke su a soro da ɗakunan tsakar gida. Wanda a da yake fitar da zakka, yau shi ake ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a jihar Katsina tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta a watanni shida na farkon 2025, daidai lokacin da tallafin ƙasashen waje ya ragu. A cikin ayyukan da ake yi yanzu har da koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan tsiri mai launi uku: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuma a kama hanyar asibiti a ranar.