Ƙafar Kurtu: Daga Takalmin Munson Zuwa Barcin Awa Shida

Har gobe ana ja-in-ja tsakanin likitocin soja da masu ƙera kaya: shin soson da ake shimfiɗawa cikin but, da na'urar auna tafin ƙafa, suna kare kurata daga rauni, ko ɓarnar kuɗi ce kawai? Gardamar ba ta yau ba ce.

Sojan Rum ya ci tafiya da takalmin fata mai ƙusoshi a ƙasa. Na Rasha kuwa ƙyalle yake naɗawa a madadin safa, sai a 2013 aka ba da umarnin dainawa. Likitanci ya shigo maganar a 1855, lokacin da Breithaupt, likitan rundunar Furushiya, ya bayyana wani kumburi mai zafi da ke fito wa sojoji a ƙafa bayan doguwar tafiya. Ya zaci jijiya ce. Sai a 1897 hoton ƙashi ya nuna cewa siraran ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke tsagewa.

Wanda ya yi aikin a zo a gani shi ne Edward Munson, likitan sojan Amurka. Kwamitinsa ya shafe shekara huɗu yana duba ƙafafun sojoji kusan 2,000, har da ɗaukar hoton ƙashi, ya tarar da yawa takalminsu ya matse su, yatsu sun lanƙwashe, ga kanta ga bororo. A 1912 ya fito da sabuwar ƙira: gaba mai faɗi yadda yatsu za su baje, dunduniya a kame don kada ƙafa ta riƙa zamewa. Daga baya Charles Brannock ya ƙera ma'aunin ƙarfen nan mai auna tsawo da faɗin ƙafa, sojan Amurka suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. A ganina, nan ne masu ƙira suka fi cin riba, don matsalar da suka tunkara ta takalmi ce tsantsa.

Tsagewar ƙashi kuwa ta gagare su. A 1985 Charles Milgrom da abokan aikinsa suka gano kashi 31 cikin ɗari na wasu kurata 295 a Isra'ila sun samu tsagewar ƙashi a lokacin horo. Aka gwada soso iri-iri, aka sake fasalin but, har magani aka bayar, abin bai sauya zane ba. Me ya kawo sauƙi? Tilasta barcin aƙalla awa shida, da rage yawan tafiyar ƙasa. Ƙashi abu ne mai rai, yana gyara kansa idan aka ba shi sarari. Amurkawa ma sun gwada raba wa dubban kurata takalmin gudu gwargwadon siffar tafin ƙafarsu, rauni bai ragu ba.

Masu goyon bayan na'ura suna da tasu hujjar. A 2011 an wallafa wani gwaji daga kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth a Ingila, inda aka sa ɗalibai 400 suka taka faranti mai auna nauyin taku, aka ba rabinsu shimfiɗar da ta dace da kowa, rauninsu kuma ya ragu ƙwarai. Ban musanta ba. Amma gwaji ɗaya ne, kan masu neman zama hafsoshi, alhali Isra'ilawa shekara 25 suka yi suna fama da sojan ƙasa masu ɗauke da kaya niƙi-niƙi. Shi ya sa na fi karkata ga Isra'ilawan, ko da yake na san sayo soso ya fi sauƙi a kan shawo kan saje ya bar kurata su yi barci.