Daga Gadarif Zuwa Sawakin: Hanyar da Kakana Bai Ƙarasa Ba

Kakana ya bar ƙasar Katsina da niyyar aikin Hajji, shi da matarsa da jaki ɗaya. A Gadarif guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya tara kuɗin jirgi. Damina ɗaya ta zama arba'in, a nan aka binne shi. Har ya rasu, in an tambaye shi, cewa yake yi shi matafiyi ne.

Ba shi kaɗai ba ne. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a suka kwararo gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu suka shiga gonakin audugar Jazira, wasu suka zauna a Gadarif, ƙasar baƙar laka mai dawa da riɗi. A nan ana kiran mu Takari ko Fallata.

Kafin yaƙin 2023 na ɗaura aniyar in ga tekun da bai gani ba. Muka bar Gadarif da asuba, muka haye kogin Atbara a Khashmul Girba, inda aka gina madatsar ruwa a 1964. Da hantsi duwatsun Taka suka bayyana, sumul kamar an kife tukwane, masallacin Khatmiyya yana gindinsu. Kasala ke nan. Daga nan sai fili da raƙuman Bija suna cin ƙaya, har Haiya da Sinkat. Hanya ta yi ta murɗewa tsakanin duwatsu tana gangara, can sai ga Bahar Maliya.

Tsohuwar Sawakin tsibiri ce ƙarama. Da dutsen murjani aka gina gidajenta, wasu har hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, inda matan gida ke shan iska suna kallon titi ba a ganin su. Turkawan Usmaniyya sun riƙe ta tun ƙarni na 16, kuma ta nan alhazanmu suke haye wa zuwa Jidda. Da Turawan Ingila suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage ƙunci, sai fatake suka tashi. Gida in ba mai shi, rushewa yake yi. Na tarar da tarin duwatsu, da masallatan Hanafi da Shafi'i da Turkiyya ta gyara, da kyanwoyi suna yawo a kangaye.

Washegari daga Bur Sudan muka shiga kwalekwale zuwa Sanganib, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Ruwan garau, kana hango murjani da kifaye kala-kala a ƙasa. Arewa da nan, a Dungunab, akwai ɗan'uwan ayu, dabbar da kakana yake ba mu labarinta tun daga kogunan gida.

Da yamma na dawo Sawakin na tsaya ina kallon jirgin Jidda yana lodi. Tsakanin kabarin kakana da wannan gaɓa, tafiyar wuni guda ce a mota. Na yi masa addu'a a wurin, na juyo Gadarif, don lokacin yankan riɗi ya yi.