Sulalla masu launi da masu ruwan zinariya: matsayinsu a wurin masu tara kuɗi

Sulalla masu launi su ne tsabar kuɗin ƙarfe da aka ɗora wa fenti ko hoto a fuska, masu ruwan zinariya kuwa su ne waɗanda aka lulluɓe da ɗan siririn ruwan zinariya, azurfa ko wani ƙarfe mai daraja. Masu tara tsabar kuɗi sun daɗe suna muhawara a kansu, kuma muhawarar ta fi karkata ga tambaya guda: wane ne ya yi aikin? Idan masana'antar buga kuɗi ta gwamnati ce ta fitar da sulen da launinsa, hukuncinsa daban. Idan kuwa wani kamfani ne ya sayi sulen da ke yawo a kasuwa ya shafa masa ado daga baya, mafi yawan masu tarawa suna ɗaukarsa a matsayin sulen da aka lalata.

Dalilinsu yana da nasaba da yadda ake ƙiyasta daraja a wannan fage. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne ƙarancin sulen da kuma yadda fuskarsa ta tsira kamar ranar da aka buga shi. Fenti da ruwan zinariya suna rufe wannan fuskar, suna ɓoye ƙarzuna, kuma ba a iya cire su ba tare da an bar tabo ba. Manyan kamfanonin tantance sulalla na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, ba sa ba wa irin wannan sule maki na yau da kullum. Zinariyar ma ba ta taka kara ta karya ba, domin kaurinta bai kai na silin gashi ba, kuma kuɗin kankare ta ya fi abin da za a samu.

Zargin da ake yi wa ruwan zinariya tsoho ne. A 1883 Amurka ta fitar da sabon sulen senti biyar mai ɗauke da harafin V, wato biyar a lissafin Rumawa, ba tare da an rubuta kalmar senti ba. Girmansa ya yi kusa da na sulen zinariya na dala biyar, sai 'yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinariya suna shigar da shi a matsayin dala biyar. Kafin shekarar ta ƙare sai da aka ƙara kalmar. Abin dariya a nan shi ne, waɗannan jabun sun zama abin nema saboda tarihinsu, har wasu suka koma shafa wa tsofaffin sulallan 1883 zinariya a yau don su sayar da su a matsayin jabun asali.

Kasuwar zamani ta bunƙasa ne da sulallan kwata na jihohin Amurka hamsin, waɗanda aka fitar daga 1999 zuwa 2008. Kamfanoni masu zaman kansu sun shafa musu zinariya, suka zuba su a akwatuna masu ƙyalli da takardar shaida, suka tallata su a talabijin da jaridu kan farashin da ya ninka senti 25 sau da yawa. Dillalan sulalla sun saba ganin magada sun kawo irin waɗannan akwatuna da zaton dukiya ce, su koma da labarin cewa kowane sule bai wuce abin da aka rubuta a jikinsa ba. Wannan ne tushen fushin masu tarawa. Mai saye na farko galibi ba masani ba ne, dattijo ne da ke son barin wani abu ga jikoki.

Siyasa ma ta shigo ciki. Bayan zaɓen Barack Obama a 2008, an cika kasuwa da sulallan Amurka na gaske da aka manna wa hotonsa, har hukumar buga kuɗin ƙasar ta fito ta bayyana cewa ba ita ta yi su ba. Dokar Amurka ta haramta sauya sule da nufin zamba, amma ba ta hana yi masa ado ba, shi ya sa sana'ar ke tafiya a fili. A ƙasashe masu amfani da yuro, ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2010 ta ba hukumomi damar ƙin musanya sulen da aka sauya da gangan.

Launin da gwamnati ta saka da kanta ya raba kan masu tarawa fiye da haka. A 2004 Kanada ta fitar da sulen senti 25 mai jan furen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, kuma shi ne sule mai launi na farko da ya shiga hannun jama'a a matsayin kuɗin kashewa. Baƙon abu ne a lokacin, har wasu 'yan kwangilar tsaron Amurka da suka ziyarci Kanada suka zarge shi da ɗauke da na'urar leƙen asiri, zargin da ya zama abin ba'a da labarin ya fito a 2007. Ostareliya ta bi sahu a 2012 da sulen dala biyu mai irin wannan furen, wanda aka buga kaɗan, kuma yau ana sayensa da tsada ƙwarai. Amurka ta yi jinkiri har zuwa 2020, lokacin da ta saka launi a sulallan tunawa da zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando.

Masu ra'ayin mazan jiya suna ganin cewa gwanintar sule tana cikin sassaƙar ƙarfe, kuma launi hanya ce ta rufe raunin zane. Suna kuma nuna cewa fenti yana goguwa a aljihu. Ɗaya ɓangaren yana cewa launi ne ke jawo yara da sababbin shiga, kuma duk abin da hukuma ta buga ya cancanci gurbi a kundin tarihi. Su ma masu sukar sukan amince da cewa lulluɓi shi kaɗai ba aibu ba ne: sentin Amurka tun 1982 tutiya ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, haka ma ƙananan sulallan Birtaniya na fene ɗaya da biyu baƙin ƙarfe ne a ciki tun 1992.

Akwai rukuni na uku da ya shafi Afirka kai tsaye. Kamfanonin Turai suna buga sulalla masu launi da sunan ƙananan tsibirai irin su Palau da Niue, da kuma sunan Kamaru, Chadi da Nijar, ɗauke da ƙimar sefa, alhali mai sayayya a kasuwar Zinder ko Garwa bai taɓa ganinsu ba. Ana sayar da su ne ga masu tarawa a Turai, Amurka da Asiya, da zanen dabbobi, taurari ko jaruman tatsuniya waɗanda sau da yawa ba su da alaƙa da ƙasar. Wasu masu tarawa suna kallonsu a matsayin lambobin ado da aka ara wa sunan ƙasa, wasu kuma suna sayensu don kyan aiki da azurfar da ke ciki. Dillali mai gaskiya yakan fara da auna nauyin azurfar, sannan ya duba yawan da aka buga da sunan wanda ya buga, kafin ya yi maganar launi.