Teku

TEKU, suna, jam'i tekuna: makeken ruwan gishiri wanda Allah Maɗaukaki ya kewaye ƙasa da shi, malamai kan ce bahar, kamar Bahar Rum, wanda zaitun ke tsirowa a duwatsun gaɓarsa. Amma Bahaushen da ya sauke ragunansa a kasuwar Alaba Rago ta Ikko, idan ya miƙa hanyar Badagry, zai tarar da gaɓar Tekun Atlantika a shimfiɗe, babu dutse, sai rairayi da itatuwan kwakwa, da wani kwantaccen ruwa da ya raba garin da tsibirin Gberefu, inda a zamanin da, abin takaici, aka riƙa loda bayi cikin jirage, alhali yau masunta ne ke jan koma da asuba. Misali: "Alhaji, mu leƙa bakin teku bayan La'asar."