Malamin Yaƙi Da Jahilci: Jiya Da Yau

Jama'a, karatun manya ba baƙon abu ba ne gare mu. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa birni da ƙauye, hukumar NORLA ta Zariya tana buga littattafai da jaridu irin su Himma da Zaruma. A 1980 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, har ta samu lambar yabo ta UNESCO a 1983.

To, wa ya ɗauki nauyin aikin? Malamin aji. Shi ke lallashin magidanta su fito, ya sa lokacin da ba zai hana su gona ko kasuwa ba. Ba bulala, ba tsawa, don wani ɗalibin ya haife shi. Darasinsa kuwa rubuta wasiƙa, karanta rasiɗin haraji, da lissafin ciniki.

Mu mazauna Kudu mun fi kowa bukatar irin wannan malami. Dattijo ya dangwala yatsa a takardar haya ko ta fili, bai san abin da ke ciki ba, sai rigima ta tashi. Masu ilimin cikinmu, wa zai ɗauki alli? Allah Ya ba mu iko, amin.