Wa ke ba baƙuwa bashi?

Kwamitin shirya bikin nan ya ɗora mana rubuta tarihi, kuma mun san abin da aka saba gani a irin wannan takarda: sunayen shugabannin da suka gabata, da shekarar da aka yi mana rajista, da hoton ranar da aka kawo injin niƙa. Duk wannan yana shafukan gaba. Mu a nan mun ja baya nesa da ranar kafa ƙungiya, saboda akwai magana a gaban babban taro mai zuwa. Dokarmu ta ce mace ba ta zama mamba sai ta shekara biyu a unguwa, kuma mambobi biyu sun tsaya mata. To ga matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, suna zaune a kangaye da ɗakunan haya a bayan gidajenmu, suna tambaya ko za a karɓi zubinsu. Kafin mu ɗaga hannu, ya kamata mu san yadda aka yi da irinsu a da.

Adashi ya girmi banki a ƙasar nan, ya girmi takardar kuɗi ma. Yarbawa na ce masa esusu, a Gana susu. Kowace cikinmu ta san yadda yake: mata goma, zubi iri ɗaya, kowane mako mutum ɗaya ta kwashe. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, wadda ta kwashi farko bashi ta ci, wadda ta kwashi ƙarshe ajiya ta yi, kuma ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. Me ya riƙe shi? Kunya. Uwar adashi ta san gidanki, ta san mijinki, ta san surukarki. In kika kwasa kika ƙi zubi, da wane ido za ki shiga gidan suna? Haka ma biki, wato gudummawar da ƙawa ke kai wa ƙawa, wadda ake mayarwa da ƙari idan hidima ta zagayo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin ƙawance da irin wannan gudummawa tun zamanin da ake ciniki da wuri. Nan kusa da mu kuma, a Batagarawa, Polly Hill ta zauna a 1967 ta ga yadda matan kulle ke juya hatsi da sauran kaya daga cikin gida, yara na kai da kawowa, har ta kira abin ɓoyayyen ciniki. A wurinta ne yake ɓoye. Mu mun tashi mun tarar da iyayenmu suna yi.

Sai dai wannan ƙarfi na adashi shi ne rauninsa. Duk abin da aka gina kan sanayya, ba shi da ƙofar da baƙo zai shiga.

Maza fatake sun daɗe da samun mafita. A hanyar goro zuwa Gwanja, a Salaga da zangon Kumasi, baƙo yakan sauka wurin fatoma ko mai gida. Mai gida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye. A Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916, mai gida ne ke tsayawa idan an ba mahauta shanu bashi. In mahauci ya ci amana, sunan mai gida ne ya ɓaci, don haka shi ke bin kuɗin. Wato baƙo ba shi da sanayya, sai ya ari ta wani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Amma fa tsarin na masu dukiya ne, kuma ko shi bai hana asara ba ranar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana a 1969. Mutane da yawa sun dawo gida sun bar bashinsu a hannun jama'a.

Hukuma ta shigo maganar da dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, bayan rahoton wani Bature, Strickland, wanda ya yi irin wannan aiki a Indiya. Manoman koko aka fi nufi. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, nan ma maganar gyaɗa ce da auduga, maganar maza. Mace mai ƙuli-ƙuli, wadda ita ke matse gyaɗar, ba a ko tuna da ita ba.

Sai shekarun SAP, lokacin da tsada ta shiga kowace tukunya. Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life a 1987, kuma gaskiya daga nan ne mata da yawa suka fara jin kalmar rajista. A 1989 aka buɗe Bankin Al'umma, People's Bank, Tai Solarin na shugabanta, an kwaikwayo bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash: bashi ƙanƙane, ba jingina. A 1990 aka fara bankunan unguwa, na farko a Kaduna. Zamanin Abacha aka yi FEAP. Iyayenmu da suka ga wannan zamani, in kun tambaye su za su gaya muku yadda ake kallon kuɗin. Rabo ne, kowa ya ci nasa. Ba mu ce talaka ne kaɗai ya ƙi biya ba. Masu hannu da shuni da suka bi ta bayan fage ba su fi shi biya ba. A 2000 aka haɗe People's Bank da FEAP da bankin manoma wuri guda, wanda yau shi ne Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna. A 2005 Babban Banki ya fito da tsarin ƙananan bankuna, a 2010 kuma ya soke lasisin 224 daga cikinsu a tashi ɗaya. Masu ajiya suka yi ta safa da marwa a ƙofofin da aka garƙame.

Abin da ya fi duk waɗannan daɗewa, a ƙetaren iyaka aka haife shi, tafiyar da ba ta kai yini ba daga nan. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta tura wata 'yar ƙasar Norwe, Moira Eknes, ta yi aiki da matan karkara. Maimakon a kawo musu jari, sai aka zauna da su aka gyara adashin da suka riga suka sani. Aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin zuwa talatin, zama kowane mako, zubi ɗan kaɗan. Bambancin shi ne ba a kwashewa. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, akwatin kuma na kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, kowa ta ji, domin yawancinsu ba su yi boko ba, ƙwaƙwalwa ce littafinsu. Wadda ke son jari ta karɓa, ta dawo da shi bayan wata guda da ɗan ƙari. Akwai kuma ƙaramin asusu na gefe, na rashin lafiya da gobara da mutuwa, wanda ba bashi ba ne. Idan shekara ta kusa zagayowa, galibi gab da salla ko faɗuwar damina, sai a fasa akwati a raba, kowace gwargwadon zubinta.

Ku dubi abin da wannan ya gyara. A adashi, sai layi ya zo kanki, ko da yaronki na kwance yau. A asusu, ranar buƙata ce ranar karɓa. Kuma tun da ba kuɗin gwamnati ba ne, ba na Bature ba ne, wadda ta ƙi biya ta san kuɗin maƙwabciyarta ta ci. Cikin shekara goma da 'yan kai matan da ke ciki a Nijar suka haura dubu ɗari. Wasu daga cikinsu suka tsaya zaɓen kansila a 2004 suka ci. Tsarin ya tafi Zanzibar da Yuganda da Mozambik, yau miliyoyin mutane ke yinsa a Afirka da Asiya da wani suna na Turanci. Mukan yi dariya idan ma'aikacin wata ƙungiya ya zo da allo da alli zai koya mana shi a matsayin sabon abu daga waje. Da Hausa aka raɗa masa suna.

Maganar ƙarin nan kuwa, ba mu ɓoye ba, ta raba kawuna. Wasu sun ce tun da ribar ga masu zubin take komawa, ba laifi. Malamai da yawa sun ce kuɗin ruwa ne ko wa ya ci. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama, har da tamu, suka koma sayen kayan da kansu, buhun gyaɗa ko waken suya ko keken ɗinki, su sayar wa mamba da riba sananniya, ta biya kaɗan-kaɗan. Irin cinikin da Jaiz ya fara yi a matsayin banki a 2012 ke nan.

Yanzu ga masu gudun hijira. Hausa kalma ɗaya ta ba su, amma a takarda kashi biyu ne. Wadda ta ƙetara iyaka, kamar dubban da suka shiga Diffa da sansanin Minawao na Kamaru saboda Boko Haram, ko waɗanda suka kwarara yankin Gidan Runji daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, tana da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke rubuta sunanta. A Maraɗi har an matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori, suna zaune tare da 'yan gari. Wadda ba ta ƙetara ba, wadda ta tsaya a Katsina wurin ɗan uwan miji, sau da yawa ba wanda ya ƙirga ta.

Taimakon ma ya sauya kama. A da buhu ake rabawa. Tun farin 2010 aka gwada tura wa mata kuɗi ta wayar salula a yankin Tawa, daga baya hukumar abinci ta duniya ta yi haka a Borno. Ya fi mutunci, mace ta sayi abin da ta san gidanta ke buƙata. Amma kuɗin waya yana son layi mai rajista, asusu yana son BVN ko lambar katin ɗan ƙasa, wadda kuwa ta fito da goyo a baya cikin dare ba ta tsaya neman takarda ba. Mun ga watan Satumba na 2021, da aka kashe sabis a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, aka rufe kasuwannin mako. Mun ga farkon 2023, da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1000, mutum na da kuɗi a banki yana kwana da yunwa, mai POS na sayar mana da kuɗinmu. A waɗannan watanni, mudun gero da maƙwabciya ta auna bashi ne ya riƙe gidaje. Tallafin ƙungiyoyin agaji kuma yana da wa'adi. In shirin ya ƙare, mota ta tafi. Shi ya sa su kansu yanzu suke kafa asusun mata a sansanoni, su haɗa baƙi da 'yan gari a akwati ɗaya.

Masu tsoro a cikinmu ba su yi ƙarya ba. Hajiya ma'aji ta faɗa a zaman kwamiti cewa wadda ba ta da gida a nan, ranar da aka ce ƙauye ya lafa za ta iya ɗaure kayanta da asuba, kuɗin marayu da zawarawa ne kuma a hannunmu. Haka ne. Sai dai mu a ganinmu shekara biyu ba ta auna amana, tsawon zama kawai take aunawa, kuma littafin bashinmu ya san 'yan asalin unguwa da suka fi shekara ashirin a nan ana bin su. Matan nan kuwa kafin a kore su suna da adashinsu, wasu ma su ne iyayen adashin, sun iya matsar mai da kiwon awaki fiye da yawancinmu.

Shawarar da za a gabatar aro ce daga fatoma da kuma Maraɗi. Su haɗa kansu biyar-biyar, waɗanda suka san juna tun daga gida, mamba ɗaya daga cikinmu ta zame musu uwar ɗaki. Wata shida na farko zubi kawai, ba karɓa. Bayan nan a saya musu kaya da bai wuce ninki biyu na abin da suka tara ba, kuma ba a ba ta biyu sai ta farko ta fara biya. Asusun gefe na rashin lafiya kuwa su shiga tun ranar farko. Wadda za ta koma gida ta zo ta faɗa, a yi lissafi a ba ta nata.

Abu ɗaya da kwamiti bai daidaita a kai ba shi ne ko uwar ɗaki za ta biya daga aljihunta idan aka gudu, ko asarar ta hau kan kowa. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan daban. Taron na ranar Asabar ta farko a watan gobe, bayan la'asar, kowace ta zo da katin zubinta.