Wa Ya Isa Ya Shiga Fili Da Doki?

A zamanin da, a ƙasar Gwandu, doki ba abin hawan kowa ba ne. Ko da kasuwar Jega ta cika ta batse da fatake a ƙarni na 19, talaka jaki ya sani. Doki na sarakuna ne da baradensu. Ubangida shi ke ba baransa doki da kayan hawa, bara kuwa ya bi shi duk inda yaƙi ya faɗi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 yaƙi ya ƙare, doki ya koma na hawan salla da sukuwa da ƙwallon doki. Ko a nan ma sarauta ce a gaba, gama Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon doki a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara da shi ƙwarai.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai muka yi haka. Akwai wani wasa na Turawa da ake kira tsallaken shinge, wanda tarihinsa ya nuna yadda doka ta karɓi matsayin muƙami. Asalinsa daga Ingila ne. Sa'ad da masu ƙasa suka shinge gonakinsu, sai ya zama maharba bisa dawaki ba su da hanya sai su tsallake. Daga nan aka fara gwada dawaki a fili a ga wanda ya fi iya tsalle. Aka shigar da wasan cikin wasannin Olamfik a Faris a 1900. A 1921 kuma ƙasashe 8 suka haɗu suka kafa ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta FEI, domin doka ta zama ɗaya ko'ina.

Amma a lokacin nan wasan na hafsoshin soja ne da manyan mutane. A wasannin Landan na 1948 mahayan Suwidin suka ci lambar zinariya a wani sashe na wasan dawaki. Daga baya aka gane ɗayansu, Gehnäll Persson, ba hafsa ba ne, ƙaramin soja ne, sai aka ƙwace lambar, alhali ba wanda ya ce bai iya hawa ba. Abin ya zama abin kunya, har aka sāke doka. Daga 1952 aka buɗe ƙofa ga ƙananan sojoji da farar hula. A 1956 aka yarda mata su shiga tsallaken shinge, a shekaran nan kuwa wata Baturiyar Ingila, Pat Smythe, ta sami lambar tagulla tare da 'yan ƙungiyarta.

To, yanzu me ake bukata ga mai son shiga gasar da ƙungiya ta sani? Ba a tambayar ko shi ɗan wane ne. Da fari sai ya rubuta sunansa a ƙungiyar ƙasarsu, ya biya kuɗin shekara. Sa'an nan a rubuta dokinsa, a ba shi takardar shaida mai nuna kamanninsa da allurar rigakafin da aka yi masa, don kada a musanya shi da wani, kada kuma ya kawo wa sauran dawaki cuta. A Ingila ba a karɓar dokin da bai kai shekara 4 ba, gama ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Sabon doki yakan fara da shinge wanda bai kai mita 1 ba, yana ci ana ciyar da shi gaba, har manyan gwanaye su kai wajen mita 1.60. Yara kuma ajinsu dabam. Kowane mahayi tilas ya sa hular kwano.

Hukuncin fili a bayyane yake. In doki ya ka da sanda, laifi 4 ke nan. In ya tirje ya ƙi tsalle, laifi 4; in ya ƙara, a dokar duniya an fitar da shi. In mahayi ya fāɗi, shi ma ya fita. Wanda ya fi ƙarancin laifi shi ya ci, in an yi kunnen doki a sāke zagawa a duba wanda ya fi sauri.

Gaskiya ne har yanzu riƙon doki sai mai hali. Amma rubutacciyar doka ta yi abu biyu: ta hana a kori gwani saboda asalinsa, ta kuma hana a kashe doki ko yaro da gaggawa. Samarinmu na Jega da Aliero da Maiyama ba su rasa ƙarfin hali bisa sirdi ba. Abin da ya kamata masu shirya sukuwa su ara shi ne a rubuta mahayi da doki, a raba ƙanana da manya, a fara da kaɗan. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, amma ko su za su gaya maka rigakafi ya fi magani.